Ciwon sukari a gida: kwanon tuwo, ƙwayar magani da abin da na'urar gwaji ke faɗa

Yawancin waɗanda aka shaida wa suna da ciwon sukari, abu na farko da suke yi shi ne daina zuba sukari a shayi da koko, daga nan sai su ɗauka sun ci rabin aikin. Amma wanda ya sha shayi ba sukari da rabin burodi, da rana ya tashi da malmala biyu ta tuwon shinkafa, da dare ya bi da taliya, ya ɗura wa jininsa sukari fiye da wanda ya zuba cokali ɗaya a shayi ya tsaya nan. Shinkafa, masara, gero, dawa, alkama, doya, rogo da dankali duk sitaci ne, kuma idan suka isa hanji narkewa suke yi su koma gulukos, wato ainihin sukarin da ake aunawa a jini. Harshe ba ya jin zaƙinsu, jini ne ke ji.

A jikin mai lafiya, wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira pankiriyas, tana sakin sinadarin insulin daidai da abin da aka ci, shi kuma ya buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka da hanta. Manyan nau'o'in ciwon biyu ne. Mai nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, jikinsa ya daina yin insulin, don haka ba shi da makawa sai allura har ƙarshen rayuwa. Mai nau'i na biyu, wanda shi ne kusan tara cikin goma na masu ciwon, yana da insulin amma jikin ba ya jin maganarsa sosai, kuma yawansa na raguwa da shekaru. A duka biyun, aikin da jiki ke yi da kansa ya dawo hannun mutum. Shi ne zai daidaita yawan abinci da lokacin magani da motsin jiki, kamar duwatsun murhu uku: ka gusar da ɗaya ba ka gyara sauran ba, tukunya ta karkace.

Lambobin da ya kamata a haddace

Ana cewa mutum yana da ciwon idan sukarinsa na safe, bayan aƙalla awa 8 bai ci komai ba, ya kai 126 mg/dL, kuma aka maimaita aka sake samun haka. Ga wanda ke kan magani, abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 bayan awa 2 da fara ci. Ƙasa da 70 sukari ya faɗi ke nan.

Akwai ruɗanin da ke jefa mutane cikin haɗari a nan. Wasu na'urori da ɗakunan gwaji a Najeriya suna ba da sakamako a mmol/L, wasu a mg/dL, a Nijar kuma takardar asibiti kan zo da g/L. Sukari ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta: 7.0 mmol/L da 126 mg/dL da 1.26 g/L duk abu ɗaya ne. Idan na'ura ta nuna lamba mai ɗigo a mmol/L, kamar 9.4, a ninka ta sau 18 a samu mg/dL. Wanda ya ga 15 a na'urar mmol ya ce ai ƙasa yake sosai, ya tashi ya sha lemo, a gaskiya yana kan 270 ne.

Gwajin kansa yana da ƙa'ida. A wanke hannu da ruwa da sabulu a bushe shi, domin ragowar mangwaro ko dabino a yatsa kan sa na'ura ta nuna sukari mai yawa na ƙarya. A huda gefen yatsa, ya fi tsakiya rashin zafi. Tsinken gwajin, wato wanda ake sa wa ɗigon jini a na'ura, yana lalacewa da zafi da laima, saboda haka a rufe kwalbarsa nan take, kada a bar ta a mota ko kusa da murhu, a kuma duba ranar ƙarewarsa. Tsinken da tsada, shi ya sa bai kamata a ƙarar da shi duka a gwajin safe ba. Wanda ke da ikon gwaji uku kawai a mako zai fi amfana idan ya yi ɗaya da safe, ɗaya awa 2 bayan abincin rana, ɗaya awa 2 bayan tuwon dare, ya rubuta abin da ya ci a gefen lambar. Cikin wata guda littafin zai gaya masa wane abinci ne ke ɗaga masa sukari, abin da babu likitan da zai iya sani daga kujerarsa.

Gwajin HbA1c kuma yana nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga yawancin manya ana son ya zauna ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Sai dai mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, gwajin na iya ba shi sakamakon da ba daidai ba, don haka a faɗa wa likita kafin a dogara da shi.

Abin da ke cikin kwano

An daɗe ana gaya wa masu ciwon su koma tuwon alkama ko acca, har wasu suka ɗauka waɗannan biyun magani ne, suna ci har su ƙoshi. Alkama sitaci ce, acca ma haka. Malmala biyu ta tuwon alkama ta fi malmala ɗaya ta tuwon masara ɗaga sukari. Bambancin da ke tsakanin hatsi da hatsi bai kai bambancin da ke tsakanin malmala ɗaya da biyu ba, kuma wannan albishir ne ga gidan da ba shi da kuɗin sayen abinci na daban: mai ciwon zai iya ci daga tukunyar gida, a gyara masa rabo kawai.

Rabon kuwa shi ne a raba faranti gida huɗu. Gida biyu ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, yakuwa, kokwamba. Gida ɗaya abin gina jiki: wake, kifi, ƙwai, nama, awara. Gida ɗaya kacal na tuwo ko shinkafa ko doya, kimanin girman dunƙulen hannun mai ci. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kusan giram 45 na sitaci, kuma yawancin manya masu ciwon ana sa su tsaya tsakanin giram 45 da 60 a kowane babban ci. A al'adar gida tuwo ne mai yawa miya kaɗan, to a nan juyawa ake yi, miyar ganye ta cika kwano tuwo ya zama ɗan rakiya. Fara cin ganye da nama kafin a kai ga tuwon yana rage saurin hawan sukarin.

Yadda aka sarrafa hatsi ma yana da tasiri. Duk abin da aka surfe aka niƙa ya yi laushi aka tace, irin su koko da kunu, yana shiga jini da sauri ko ba a sa masa sukari ba. Hatsin da aka niƙa da dusarsa ya fi tafiya a hankali. Wake shi ne babban abokin mai ciwon sukari, don haka shinkafa da wake da waken ya fi yawa ta fi farar shinkafa nesa ba kusa ba, haka ma alale. Ɗanwake kuwa a yi hattara, na kasuwa sau da yawa garin rogo ko fulawa ne ya fi yawa a cikinsa. Kwaɗon zogale abu ne mai kyau muddin ba a barbaɗa masa sukari ba, kamar yadda wasu ke yi.

Abin sha ya fi komai ɓarna, saboda ba ya cika ciki kuma ba ya jiran narkewa. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari fiye da giram 50, wato sama da ƙaramin cokali 12. Lemon malt, da ake kai wa marar lafiya a asibiti da sunan ƙarin jini, shi ma cike yake da sukari. Zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya da fura da nono na sayarwa kusan duk an zuba musu. Zuma ma ba mafita ba ce, babban cokali ɗaya giram 17 ne na sukari. 'Ya'yan itatuwa ba a hana su ba, amma a ci su da ƙwayarsu maimakon a matse ruwansu: lemu ɗaya, gwaiba ɗaya, rabin mangwaro, yanka ɗaya na kankana. Rake dai a haƙura da shi.

Tafiyar ƙafa ta minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana sa tsoka ta zuƙe wani ɓangare na sukarin kafin ya taru. Abin da ake nema a mako shi ne minti 150 na tafiya mai ɗan sauri. Ga matan da ba sa fita sosai, zagaya tsakar gida, shara da daka duk suna cikin lissafi. Mai ƙiba da ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa zai ga canji a na'ura.

Magani da faɗuwar sukari

Magungunan ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin sunan wanda kake sha wajibi ne. Metformin yana hana hanta sakin sukari da yawa, kuma shi kaɗai da wuya ya faɗar da sukari. Matsalarsa tashin zuciya da gudawa a makonnin farko, shi ya sa ake farawa da miligiram 500 a sha cikin abinci ko bayansa, a riƙa ƙarawa a hankali. Da yawa suna watsar da shi a satin farko saboda ciki, alhali da sun daure ko an rage musu, cikin zai saba. Wanda ya daɗe a kansa shekaru yana iya samun ƙarancin bitamin B12, mai ciwon ƙoda mai tsanani kuma ba a ba shi.

Glibenclamide da gliclazide da glimepiride aikinsu daban ne. Suna matsa wa pankiriyas ta saki insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. A nan ne haɗari ke yawan faruwa a gida. Dattijo ya haɗiye ƙwayarsa bayan sallar asuba, koko bai iso ba, ya ce bari ya leƙa gona ya dawo. Wajen ƙarfe goma sai gumi ya keto masa, hannu na rawa, zuciya na bugawa, ya fara magana ba kan gado ko ya yi ta faɗa ba dalili. Mutanen da ke kusa sukan ce hawan jini ne, ko iska ce ta taɓa shi. Sukari ne ya faɗi. Tambayar da ɗa ko jika ya kamata ya saba yi kowace safiya ita ce, "Baba, abincin ya sauka kafin ka sha maganin?" Wannan rukunin magani ana shan sa ne dab da cin abinci, kuma idan babu abincin a jinkirta shi. Glibenclamide ya fi sauran daɗewa a jiki, don haka ga tsofaffi da masu raunin ƙoda likitoci sun fi son gliclazide.

Idan alamun suka zo, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, a ba shi giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba. A jira minti 15 a sake gwadawa, idan bai hau ba a maimaita. Idan ya hau, a bi da abinci na sosai don kada ya sake faɗuwa. Idan babu na'ura a kusa, a ba da sukarin kawai, domin ɗan hawan da zai yi ba ya kisa nan take, faɗuwar kuwa tana yi. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko zuma ko rubutu, saboda zai iya wucewa huhu. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti a sa masa ruwan gulukos ta jijiya. Idan glibenclamide ne sanadi, ko ya farfaɗo kada a yi saurin komawa gida, sukarin na iya sake faɗuwa bayan sa'o'i. Direba da ɗan acaɓa da mai Keke da ke kan irin wannan magani ko insulin su gwada kafin su kama hanya, kada su tuƙa idan lambar ba ta kai 90 ba, su kuma ajiye sukari a aljihu.

Insulin a garin zafi

Mutane na tsoron insulin, suna cewa wanda aka sa wa allura ciwonsa ya zo ƙarshe. Abin da ke faruwa shi ne ana jinkirta ta har sai ido da ƙoda sun riga sun taɓu, sannan a ɗora wa allurar laifi.

Kwalbar da ba a buɗe ba tana zama a firji tsakanin digiri 2 da 8, nesa da bangon da ke yin ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya mutu ko da ya narke daga baya. Wadda aka buɗe ana amfani da ita kimanin kwana 28, a rubuta ranar buɗewa a jikinta. Inda babu wuta, tukunya cikin tukunya tana aiki: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Wannan ita ce dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ta fi sanyaya abu lokacin rani, da damina ƙarfinta na raguwa. A sa kwalbar cikin wata roba mai murfi, kada a tsoma ta a ruwan randa kai tsaye, takardar jikinta na saɓulewa kuma ruwa na iya gurɓata bakinta. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Wannan ya kwantar da hankali, amma bai halatta barin kwalba a rana ko a cikin mota ba.

Kuskure mafi muni shi ne haɗa sirinji da kwalbar da ba nasa ba. Insulin mai alamar U-100, wato mai yunit 100 a kowace mililita, sai sirinji mai U-100. Wanda ya ja shi da sirinjin U-40 har zuwa lamba 10, yunit 25 ya yi wa kansa, ninki biyu da rabi. A duba alamar a jikin duka biyun duk lokacin da aka sayo sabo. Insulin mai launin madara irin Mixtard ana mirgina shi a tafin hannu kamar sau 10 har ya haɗe, a yi allurar minti 30 kafin ci, kuma da zarar an yi ta cin abinci ya zama dole. A riƙa sauya wuri tsakanin ciki da cinya, ana matsawa faɗin yatsa daga inda aka yi jiya. Wurin da aka dame shi da allura yana yin kauri kamar ƙulli, ba ya zafi shi ya sa ake son sa, amma maganin ba ya shiga jini daidai daga nan, sai sukari ya yi ta hawa da sauka ba a san dalili ba.

Ranar rashin lafiya da watan azumi

Zazzaɓin cizon sauro, taifot, ƙurji ko ciwon haƙori duk suna ɗaga sukari ko da mutum ba ya cin abinci. Saboda haka mai insulin ba ya daina allura don ya kasa ci, musamman mai nau'i na ɗaya. Ya riƙa gwaji kowace awa 4, ya sha ruwa da yawa, ya tuntuɓi likita kan adadin. Metformin kuwa ana dakatar da shi idan ana amai ko gudawa har sai an koma ci da sha, haka ma magungunan sukari dapagliflozin da empagliflozin. Amai da ya ƙi tsayawa, numfashi mai zurfi da sauri, magagi, ko sukarin da ya zauna sama da 300, duk na asibiti ne a ranar. Kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, na iya faɗar da sukari, dexamethasone da prednisolone kuma, waɗanda wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, suna ɗaga shi sosai.

Shuwaka, darbejiya, garahuni da hulba, duk abin da ke da ɗaci an ce yana maganin sukari. Cin ganye a miya ba laifi. Laifin shi ne a ajiye maganin asibiti a koma jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, ko a haɗa su biyun ba tare da gwaji ba. Duk mai tallar da ya ce zai raba ka da ciwon kwata-kwata cikin kwanaki, na'urarka ta isa ta yi muku shari'a.

Game da azumi, a ga likita mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan don a sauya lokutan magani, yawanci kaso mafi girma ya koma buɗa-baki a rage na sahur. A jinkirta sahur, a buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya zuwa uku, a yi hankali da kunu da soye-soye. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne daga azahar zuwa magariba. Idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a karya ko da saura minti kaɗan a sha ruwa. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda mai tsanani, da wanda ya suma saboda sukari cikin wata uku da suka wuce, shawarar likitoci ita ce kada su yi, kuma sauƙin da aka yi wa marar lafiya yana nan a Suratul Baƙara.

Ƙafa

Sukarin da ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ji, yana farawa daga yatsun ƙafa. Mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba, ya yini da tsakuwa a takalmi, da hunturu ya miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi har ta ƙone bai ji ba. Mafi yawan ƙafafun da ake yankewa daga ɗan ƙaramin miki irin wannan suka faro. A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, da madubi ko a sa wani ya duba. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsun. A shafa mai a dunduniya don hana faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kada a yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, balle a kan yashin rana ko daɓen harabar masallaci da azahar, kuma a zazzage takalmi kafin a sa. Ruwan wanka a gwada zafinsa da gwiwar hannu. Kaushi ba a kankare shi da reza, farce a yanke shi a miƙe, kada a bar mai yankan farce na kasuwa ya shiga kusurwa da wuƙarsa. Lalle mai duhu yana ɓoye ja da kumburi, mai yin sa ta ƙara sa ido.

Miki, ƙurji ko wurin da ya canja launi a kai shi asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a tsaya shafa toka ko man gargajiya. Sau ɗaya a shekara a nemi a gwada jin ƙafar, a duba bayan ido bayan an ɗiga maganin buɗe shi, a auna fitsari da jini don ƙoda. Hawan jini kuma a auna shi a kowace ziyara, ana son ya zauna ƙasa da 130 bisa 80.